Ina Talaka Zai Kai Iyalinsa Shan Iska a Kano?

Wani bawan Allah ne ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam ni ma'aikaci ne a nan Kano, mata ɗaya yara huɗu, babban shekararsa 13, autar 4. Duk Asabar da Lahadi muna ƙunshe a gida, yara na kan waya da talabijin, uwarsu na ta mita. Abokan aikina masu hali Abuja suke tafiya ko Yankari, ni kuwa albashin ko ashirin ga wata ba ya kaiwa. Akwai inda talaka zai kai iyalinsa shan iska a kusa, ko sai dai gidan zoo da manyan shagunan nan?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana zuri'a, ya kuma ba uwargida haƙuri, don gaskiya tana da hujja. Ni na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare kuma kusan duk zango sai na kwashi ɗalibai mun fita, to abin da zan faɗa maka abin da ƙafata ta taka ne. Kuma tun farko bari in gyara maka tambayar kaɗan, kai kana tambayar INA ne, ni kuwa da zan ba ka shawara da YAUSHE za ka fara. Wuri ɗaya a Kano in ka je shi a watan Ogusta ka koma a Janairu wallahi sai ka rantse ba nan ba ne. Yawancin waɗanda suke cewa ai Kano ba wajen zuwa, in ka bincika za ka tarar sun fita ne da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, rana ta gasa su, yara suka yi ta kuka, aka dawo gida ana hararar juna, shikenan an yanke hukunci.

Ni kaina na taɓa yin wannan wautar. Farkon fara aikina na ɗebi yara ajin ƙarshe zuwa bakin wani dam cikin bazara, motar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba sai wajen sha ɗaya, maimakon in ɗage tafiyar sai na ce ai an riga an shirya. Muka isa rana tsaka, ruwan jarkar da muka ɗauko ya zama kamar na shayi, yarinya ɗaya ta yanke jiki ta faɗi, sai da muka kwantar da ita gindin wata tsamiya ana mata fifita da littafi. Ta farfaɗo Alhamdulillah amma ni ranar ban yi barci ba. Tun daga nan na kafa wa kaina doka, fita bayan asuba ne ko bayan la'asar, tsakiyar rana ta gida ce.

Mu fara da Dutsen Dala, don shi ne mafi kusa kuma mafi arha, kuma abin kunya ne a ce an haifi yaro a Kano ya kai shekara 13 bai taɓa hawa ba. Tsayinsa ya kai mita 534 daga doron teku, amma kar wannan ya tsorata ka, ai garin kansa a tudu yake, hawan na ƴan mintuna ne kuma akwai matakala. Autarka ma za ta iya in ana hutawa, in ta gaji ka saɓa ta a kafaɗa. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya ɗauke ko yana shirin ɗaukewa, ya wanke sararin sama tas, hazo bai zo ba tukuna. Ku yi sallar asuba ku karya da ɗan abu ku fita, ku kasance a sama kafin bakwai. Abin da za ku gani ba ya faɗuwa a baki. Gari yana tashi a ƙarƙashinku, hayaƙin masu ƙosai da waina yana miƙewa daga lunguna, ana jiyo karatun ƴan makarantar allo daga can ƙasa kamar kukan zuma, tattabarun masu kiwo suna kewaya a sama garke-garke, ga Goron Dutse can yamma yana kallonku, ga hasumiyoyin masallacin cikin gari. Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi, kowa ya nemo unguwarsu da ido. Za ka sha dariya, don yaron da yake ganin ya san gari sai ka ga yana nuna Kurna yana cewa Gyaɗi-gyaɗi ce.

A nan saman za ka ba su labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala na da, da Tsumburbura abin bautarsu, da cewa tun wajen ƙarni na 7 akwai mutane a gindin dutsen nan suna narka tama suna ƙira, wato tun kafin a san za a yi wani abu wai shi birnin Kano. Labarin da aka ba yaro yana tsaye a kan wurin ba ya mantawa, na aji kuwa kafin a tashi ya zube. Sai dai ka kula, ranar Takutaha wato mako guda bayan Mauludi ana cika dutsen maƙil, abin kallo ne amma ba ranar zuwa da ƙananan yara ba ce, turereniya ta yi yawa. Sannan ko a wace rana ce kar ku kai magariba a sama, kuma waya ta zauna a aljihu sai lokacin ɗaukar hoto, ka san halin gari.

In kun sauko ba sai kun koma gida ba. Kasuwar Kurmi na nan kusa, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ku shiga layin dukawa da masu kayan doki yara su ga sirdi da linzami da likkafa a hannu ba a hoto ba. Gidan Makama ma, wato gidan adana kayan tarihi, kuɗin shigarsa ba ya karya mutum. Amma in ni ne da yara, marinar Ƙofar Mata zan fi ba lokaci, wadda ake cewa tun 1498 take. Yaro yana son abin da ke canzawa a gabansa, a can kuwa zai ga an tsoma farin ƙyalle a rijiyar baba an ɗago shi kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa yana zama shuɗi a idonsa. Iskar ce ke aikin, shi ya sa marini yake tsomawa ya ɗago ya tsoma ya ɗago ba ya barinsa a ciki kawai. Ka sayi ɗan hankici a rina musu, su riƙe abinsu. Ka kuma nemi a nuna muku wajen masu bugun tufafin da aka rina, sautin kaɗai ya isa yaro ya tsaya baki buɗe.

To yanzu damina. Mutane suna ganin damina lokacin zaman gida ne saboda taɓo da cikowar kwata, kuma a cikin gari hakane, amma ka fita bayan gari kilomita 15 kacal ta kowace hanya, ta Gwarzo ko ta Madobi ko ta Gezawa ko Dawakin Kudu, za ka ga wata ƙasa daban. Ba ka buƙatar wani wuri mai suna. Gona kake nema da inuwar bishiya. Kuma ɗan'uwa kar ka ce min ba ka da kowa a ƙauye, ba Bakanon da zai rasa, in ba dangi akwai abokin aiki, akwai mai gadin ofis ɗinku, akwai mai kawo muku nono. Ka ce masa ranar Asabar zan kawo yara su ga gona, wallahi murna zai yi, ka riƙe masa sabulu da sukari da ɗan goro. Sauran kuɗin na mota ne kawai.

Tun kafin ruwa ya sauka ma akwai abin nunawa. In ka ga shamuwa ta iso tana ɗaukar kara tana saƙa sheƙa a kan bishiyar tsakiyar gari to manomi ya fara gyaran gona, daga can kudancin Afirka da gabashinta take tahowa ta yi ƙwai a nan, ruwa na ɗaukewa ta koma. Sai gawo, bishiyar da ta saɓa wa kowa, duk itatuwa na fitar da ganye da damina shi kuwa lokacin yake kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore shar. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa kuma abincin awaki ne. Ka sa babban naka ya kwatanta tsawon geron gindin gawo da na nesa da shi, shi da kansa zai gano. Wannan darasin sati biyu nake yi ina koyar da shi a allo, a gona kuwa minti biyar ne.

Watan Ogusta shi ne tsakiyar marka, ruwa ya fi yawa a cikinsa, wani lokacin a wuni ana yayyafi. Ni na fi son fita washegarin ruwan dare, ƙasa ta yi laushi, ga ƙamshin nan da ba a sayar da shi a kwalba, gero ya fi mutum tsawo, kwaɗi na ta kuka a fadama, balbela na bin shanu. Uwargida kuwa ita ce za ta fi kowa riba, don tafasa da rama da lalo da yakuwa da zogale ga su nan ɗanye shar, a kasuwar gari sai an ƙulla mata ɗan ƙulli da tsada. A yi kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli a ci a gindin bishiya. Masara kuma a karyo ta a gasa nan take, wanda bai taɓa cin masarar da aka karya aka ɗora a wuta cikin minti goma ba bai san zaƙin masara ba, don tana kwana zaƙin yake fara guduwa. Ga dafaffiyar gyaɗa, ga gurjiya, farkon damina ga kaɗanya, can ƙarshenta ga ɗinya mai baƙanta baki, yara su yi ta nuna wa juna harshe.

Amma nan zan ɗaure fuska kaɗan. Ruwa. Duk shekara sai mun ji an ciro yara daga kududdufi ko rafi, kuma yawanci ba wai ba a kula ba ne, minti biyu ne aka juya baya. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, bakinsu ba gangare ba ne, taku ɗaya ruwa na gwiwa na biyu ya shanye mutum, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ko bai nutse ba akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu inda ƙananan dodon koɗi suke, yaro ya dawo bayan wasu makonni yana fitsarin jini a yi ta neman dalili. Don haka dokata ga ɗalibai ita ce ido ya sha, ƙafa kar ta taɓa. Sannan in hadari ya haɗo ana walƙiya ba a fakewa gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, a nemi ɗaki ko a shiga mota. Takalmi kuma rufaffe, ba silifas ba, musamman wajen kaka lokacin da macizai ke yawo cikin kara da ciyawa.

Tunda na ambaci kududdufi bari in ɗan yi ƙorafi. Da can birnin nan cike yake da su, su ne suke shanye ruwan sama, yanzu an cike yawancinsu an yi gini a kai, shi ya sa ruwan awa ɗaya yake mai da titi kogi. Haka badala, wadda aka fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kullum ƙara cinye ta ake, wani ya ɗebi ƙasa wani ya kafa shago. In kuna wucewa ta wajen Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya ko Dukawuya ka tsaya ka nuna musu abin da ya rage, don ban ga alamar jikokinka za su tarar da shi ba.

Kaka kuwa, Oktoba zuwa Nuwamba, in da za a ce in zaɓi lokaci ɗaya a shekara ita zan ɗauka ba ko tantama. Ba zafi can, ba sanyi can, sauro ya fara raguwa, hanya ta bushe, ƙauye kowa na cikin walwala don rumbu ya fara cika. A nan ne za ka nema musu tumu. Yaran birni da yawa ko sunan ba su sani ba. Zangarniyar sabon gero ce ake karyowa tun bai gama bushewa ba, a babbaka ta a wutar kara ana jujjuyawa har ta fara ƙara tas-tas, sai a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayin a watsa a baki da zafinsa. Na taɓa kai wani yaro ɗan masu kuɗi wanda ko tuwo ba ya ci a gida, da farko yana yatsina wai abincin tsuntsu ne, ƙarshe sai da muka yi da gaske ya bar gindin wutar, hannu duk baƙi, har da cusa sauran a aljihun yunifom wai zai kai wa mamansa. Ga takanɗa, ga rake ya fara shigowa, ga dankali da rogo a tona a gasa cikin toka, ga fara in masu ci ne ku. In an yi sa'a kuka tarar ana sussuka ko ana ɗaurin dami, ka bar yaran su sa hannu, ƙaiƙayi zai ci su su yi ta susa, ba komai, wanka ne maganinsa.

Da kaka ne kuma ake dambe da kokawa a garuruwa bayan an kau da amfanin gona. A cikin gari ma akwai gidan dambe a Sabon Gari, amma wannan kai da babban ne in kana so, ba wajen uwargida da ƙanana ba ne. Kasuwannin ƙauye su ma wajen kallo ne kyauta, Wudil ranar Juma'a in kana so su ga shanu iya ganinsu, ga kogi ga kifi, ko Dambatta ranar Lahadi. Ku je da wuri ku fito kafin rana ta take, kuma ka riƙe hannun autar gam, kasuwar shanu ba wajen wasa ba ce.

Sai hunturu. Mutane na ƙin sa saboda mura da kaushi da fashewar leɓe, ni kuwa ina ganin shi ne kaɗai lokacin da za ka iya yawo da rana tsaka ba ka galabaita ba, wato dokata ta asuba da la'asar a nan tana sassauci. Da asuba sanyi kan sauko har wajen digiri 12, to ba sai ka fitar da yara a wannan lokacin ba, ku bari sai goma. Dala ba ya daɗi a wannan lokacin don hazo ya rufe gari ba abin da za ku hango. Af, in yara suka tambaye ka daga ina ƙurar nan take, ka ce musu yawancinta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, iska ke kwaso ta, wata ma har ta tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. Wato ƙurar da uwargida ke sharewa a kan talabijin ta yi tafiyar da ta fi ta abokan aikin naka masu zuwa Abuja.

Inda za ka nufa da hunturu shi ne hanyar Zariya, Kura, Kadawa, Garun Malam, Bunkure. Ko'ina a jihar ya bushe ya yi fari fat amma nan kore ne shar, saboda ruwan Tiga da ake korowa ta manyan magudanai. Dam ɗin Tiga an gina shi ne tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ne kuma ya yi gidan zoo ɗin da ka ambata. A Janairu alkama tana kore tana kaɗawa kamar ruwa, wajen Maris ta yi ja a girbe, ga tumatir ga albasa ga masara ta rani. Ka tsaya a Kwanar Gafan su ga kwandunan tumatir jere ana lodin manyan motoci zuwa kudu, ka saya a can da arha ka cika but ɗin mota, kuɗin man da ka ƙona ya dawo ta nan. Wannan dabarar ce ma nake ba duk mai cewa ba kuɗi, ka mai da fitar ta zama cefane. In ba ka da mota, motar haya zuwa Kura ba ta da tsada, daga nan ɗan sahu ya ƙarasa da ku bakin gona.

Tiga kanta tana da kamar kilomita 70 daga gari, ta wajen Bagauda ake ratsewa. Ruwa ne iya ganinka, yaron da bai taɓa ganin teku ba zai ce teku ne, ga duwatsu ga masunta da ƙananan jirage ga soyayyen kifi. Tafiyar wuni ce, a yi ta sau ɗaya a shekara ya isa, ku tafi da abincinku a kula da tabarma da buta da ruwan sha mai yawa, kar ka dogara da cewa za ka samu komai a can. Maganar shiga jirgin kwale-kwale da yara ba rigar ruwa kuwa, ni ban yarda ba, ko mai jirgin ya rantse maka da me. Ku juyo da la'asar sakaliya, kar dare ya yi muku a hanya. Dajin Falgore kuma da ke gaba can ta hanyar Jos, kar ka kai iyali, ba wajen zuwa kai kaɗai da mata da yara ba ne a halin da ake ciki. In wata rana aljihu ya yi nauyi, Baturiya a Jigawa can wajen Haɗeja ita ce wajen kallon tsuntsaye, daga Nuwamba zuwa Fabrairu har na Turai suke sauka a fadamar, amma wannan sai da shiri da wanda ya san wurin.

Kayan marmarin hunturu kuwa ba sai ka je ko'ina ba, suna kan tire a ƙofar makaranta, magarya, kurna, kanya, aduwa, goruba, tsamiya. Abin da nake so ka yi shi ne ka haɗa kowane ɗa da uwarsa, wato in sun ci goruba ka nemi ranar da za ka nuna musu bishiyar, su ga ita ce mai reshe biyu-biyu ba kamar giginya ba da take miƙewa sambal, su san da kabarta aka saƙa tabarmar da suke zaune a kai. Yara da yawa sun san sunan ƴan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya amma ka nuna musu kuka da rimi ba za su bambance ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya nuna musu.

Bazara ba ni da abin cewa da yawa, Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, a lallaɓa kawai. Mangwaro da kankana da ɗorawa su ne daɗinta, ka bi ta ƴan lemo a Na'ibawa ka sayo mai yawa a zuba a ruwa ya yi sanyi. Fitar bazara ta dare ce kuma a tsakar gida take ko kan soro. Ranar da aka ɗauke wuta, maimakon a tayar da janareta ko kowa ya kama waya, a shimfiɗa tabarma a waje, ka nuna musu Zara matar wata, in lokacin sanyi ne kuma ga kaza da ƴaƴanta can a sama su ƙirga ko nawa za su iya gani. Uwargida ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, na tabbata tana da su a ka ba a taɓa tambayarta ba ne. Satin farko za su yi ta ƙunƙuni suna neman waya, kar ka kula su, kuma kai ma taka wayar ka ajiye a ɗaki don in kana latsawa ba wanda zai saurare ka.

Gidan zoo ban hana ba, akwai inuwa da fili kuma yara na so, sai dai kar ka je ranar sallah ko washegari, cunkoson ya wuce misali kuma nan ake ɓatan yara. Ka zaɓi wata Asabar ta haka kawai da safe. Hawan sallah ma haka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, in shekarar an yi hawa to ka nemi gidan wani sani da ke kan hanyar da sarki ke bi ku kalla daga soro ko ƙofar gida, ya fi a kutsa da yara cikin dawakai.

Game da tsari, kar ka ce duk mako, ba za ka iya ba kuma za ka gaji ka watsar. Sau ɗaya a wata ya wadatar, ka sa shi satin da aka yi albashi ka ware kuɗin motar tun kafin su narke. Abinci daga gida, dafa-duka ko ɗanwake ko dambu, abin da ba ya lalacewa da wuri, zoɓo ko kunun aya a jarka, leda ɗaya ta zuba shara don kar ku bar wa mai gona robobi akuyarsa ta ci. Ka saya wa babban naka ɗan littafin rubutu ya zama shi ne marubucin tafiya, ya rubuta ranar, inda aka je, bishiyar da aka gani, abin da aka ci, ƙannen su yi zane. In shekara ta zagayo ku koma gonar da kuka fara zuwa a buɗe littafin a gani. Sannan in za ku shiga gonar mutane ko ku zauna a inuwar wani a yi sallama a nemi izini, kar yara su tsinki komai sai an ba su, in za a ɗauki hoton mutum a tambaye shi, musamman mata.

Ban san watan da za ka karanta wannan ba balle in ce ga inda za ka fara, amma in ba hazo a sama, Asabar mai zuwa ku hau Dala, ku sauko ku ci waina a gindinsa. In kuma hazo ya riga ya sauko to ku kama hanyar Kura, ka ce wa uwargida ta taho da babban buhu saboda tumatir da albasa.